Shekarar da Aka Shafe Siton Auduga da Siminti

Har yau in na ji warin ɗanyen siminti sai gabana ya faɗi. Yi dariya in ka ga dama, ni na san dalilina.

Ajinmu na firamare tsohon siton auduga ne a bayan layin dogo, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara. Kakana yana cikin maginan da suka ɗora shi. Duk bazara, kafin ruwa ya sauka, sai ya zo ya yi masa yaɓe ya share indararo, ba wanda ya sa shi. Da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya raina ƙasa. Hedimastanmu, mutumin kirki daga kudancin Gombe, ya samo siminti aka shafe ginin ciki da waje, aka yi fenti, aka cire indararon wai suna ɓata masa fuska. Mu yara kam baki har kunne.

Kaka ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa shi da sanda, yana kasa kunne.

"Malam, ƙasa tana shan ruwa ta fitar," in ji shi. "Kun kulle mata ruwan a ciki."

"Baba, zamani ya wuce nan," Hedimasta ya amsa cikin ladabi.

Da damina ta yi tsakiya, wani wari ya fara tashi a ajin, irin na rumbun da ya jiƙe. Allo ya riƙa gumi. Rannan muna cikin jarrabawa sai ga Kaka a bakin ƙofa, ko sallama babu. Ya kama hannuna ya ja ni waje, 'yan aji suna ta dariya. Wallahi na ji haushinsa, sai da na kwana uku ban gaishe shi ba. Ya bi gida-gida yana roƙon iyaye su janye 'ya'yansu, aka ce tsufa ne.

Bangon gabas ya rufta ranar Lahadi da hantsi, ba kowa a ciki. Bencina yana ƙarƙashinsa. Kaka ya daɗe a tsaye yana kallo, bai yi wa kowa gori ba.

Rabin ginin yana nan har yanzu. An manna masa tayil, an mai da shi shagon tela, jikata tana koyon ɗinki a ciki. Daminar bana na ga tsaga a saman taga. Na zaga gari daga unguwar Nasarawo har Hammadu Kafi ina neman maginin ƙasa ko ɗaya ya duba mini. Duk wanda aka kwatanta mini, in na je sai a ce ya rasu. Jikar tawa kuwa gobe da safe za ta koma shagon.