Dalma a Ƙarƙashin Farce

Littattafan soyayya ne suka koya mini abin da zan jira daga miji. A Damagaram nake sayensu wurin wani mai shimfiɗa a bakin kasuwa, in ɓoye su cikin littafin lissafi. A cikinsu duk miji mai magana ne. Yana dawowa daga aiki sai ya riƙe hannun matarsa, ya zazzage mata abin da ke ransa har shafi biyu. Da wannan tsammani na sauka a Lyon ina amarya.

Mijina injiniya ne, muna zaune a Villeurbanne da ke gefen Lyon, a bene hawa na huɗu. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya rowa, kuma ba ya magana. Ina kwana, an gode, sai na dawo. Na sha yin kwalliya in zauna gabansa, ya dube ni ya yi murmushi, ya koma kan na'urarsa. Da rana ina leƙen tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, ta taga, ko in tafi unguwar Guillotière sayen kuɓewa da ba na bukata don kawai in ji wani ya ce mini sannu da Hausa.

Jikan maƙera ne daga Tawa, kuma jinin bai bar shi ba. Yana cikin wata ƙungiya ta masu gasar harbin allo don gwada saiti da tsofaffin bindigogi irin na ɗuri, da takardunsa cif. Harsasansa da kansa yake zubawa, a wani ɗan gareji da ke ƙasan gininmu. Ranar narka dalma ba ya barin kowa ya matso. Amma aikin da ke biyo baya, na shafa musu mai da daidaita kaurinsu, yana ɗaukarsa aiki mai tsabta. Wata Asabar na sauko masa da shayi, ya ce in zauna in gani. Ban sake fashin Asabar ba.

Yakan jera harsasan a tsaye cikin faranti, ya narka kakin zuma da kitse ya zuba har ya rufe 'yan layukan da ke jikinsu. Wasu abokansa Turawa kitsen alade suke sa wa, shi kuwa sai na ragon layya, wanda ni nake soyawa in tace masa da ƙyalle. Idan ya daskare sai mu riƙa turo su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowanne a ɗora shi a bakin wani ƙarfe mai rami, a dafa da ɗan katako, a buga da guduma a hankali, ya faɗo ta ƙasa yana ƙyalli, kaurinsa daidai da na 'yan uwansa. Ƙarfen yana kankare ɗan abin da ya yi yawa. Wannan kankararren yakan zube a tebur siriri kamar gashi, ya haɗu da maiƙo, ya shige ƙarƙashin farce.

A nan ne mijina yake magana. Hannunsa na aiki, bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin kakansa da zugazugansa, da yadda mafarauta ke zuwa da asuba su tsuguna a ƙofar maƙera, da ranar da shi kansa ya ƙone a gwiwa yana yaro ya ɓoye wa uwarsa. Yana kirana 'yar littafi, yana cewa da gudumar nan jarumin littafi ce da na fi riƙe ta da kyau. Ran nan ya dafa hannuna da nasa don ya nuna mini ƙarfin bugun, bai yi saurin ɗaukewa ba. Muna shan shayi a wurin, muna cin gyaɗa da kilishin da aka aiko mana, mu goge hannu da tsumma mu ci gaba. Ya taɓa sa mini dabino a baki da yatsunsa masu launin toka. Na kwana biyu ina tuna wannan dabino.

Akwai wani tsohon Bature mai gareji kusa da namu, shi ya koya masa aikin. Wata rana ya leƙo ya same ni ina tauna gyaɗa. Ya yi mana faɗa, ya ce ba a ci ba a sha a wurin dalma, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Sannan ya nuna ni da sandarsa ya ce wa mijina, ranar da madam ta samu ciki, kada ƙafarta ta sake taka nan. Mijina ya yi dariya ya ce ya ji. Ni na sunkuyar da kai. A lokacin na riga na yi ɓatan wata ɗaya.

A gidanmu ba a faɗin cikin fari. Yarinya ba ta buɗe baki ta ce ga abin da ke jikina, manya ne ke gani su yi shiru, su fara hana ta ɗaukar tulu. A Villeurbanne ba babbar da za ta gani. Shekaru na yi ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki, kuma akwai kunyar. Amma na ji abin da tsohon ya faɗa sarai, na kuma san in na yi magana ƙofar garejin ta rufu, in koma taga. Na ce Asabar ɗaya kawai zan ƙara. Na riƙa wanke hannu in na tuna. Haka na yi ta ƙara Asabar har cikin ya kusa wata huɗu, ina sa riguna masu faɗi.

Ziyara ce ta kai ni Bobigny, kusa da Paris, wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Tanti. Tun a bakin ƙofa, kafin mu gama gaisawa, ta dube ni ta ce wata nawa. Ta yi ta faɗa da ta ji ban ga likita ba. Da muka zauna cin tuwo sai idonta ya sauka kan yatsuna.

"Wannan baƙin fa? Makanike kika zama a Lyon ɗin?"

Na ba ta labari ina dariya, har da dabinon. Ta ajiye lomar da ke hannunta. Ashe a farkon zuwanta Paris ta zauna a wani tsohon gini inda yaran maƙwabta ke ɓantarar fentin bango suna ci, dalmar da ke ciki ta taɓa musu kai. Ta ce ɗaya daga cikinsu yanzu da gemunsa, har yau uwarsa ke raka shi ko'ina.

Washegari ta ja ni asibitin mata. Aka ɗebi jini, bayan 'yan kwanaki aka kira mu. Likitar ta ce dalmar da ke jinina ta wuce yadda ya kamata, kuma tana ratsawa zuwa ga abin da ke ciki. Abin da ta riga ta yi, ba wanda zai iya faɗa yanzu. Ta shiga tambaya ko gidanmu tsoho ne, ko ina girki da tukunyar ƙasa mai fenti, ko ina sa kwalli. Na yi wuf na ce ina sa kwalli. Ta fara rubutawa. Tanti ta taka mini ƙafa ta ce da Hausa, in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Na faɗa.

A waya ɗaya mijina ya ji zai zama uba, ya kuma ji sauran. Ya hawo jirgin ƙasa ya zo. Tanti ta bar mu a falo. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ranar da tsohon nan ya yi magana, kin sani?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Can ne kawai kake yi mini magana."

Na jira ya yi fushi, ko ya yi kuka, ko ya rungume ni. Ya tashi ya tambayi Tanti inda gabas take.

Da muka koma, ma'aikatan lafiya suka zo suka goge ƙasan ɗakinmu da 'yan ƙyallaye suka tafi da su. Sun sami ƙurar a bakin ƙofa inda muke cire takalma, da kan hannun butar shayi. Shi ma aka gwada jininsa. Ya tattara ƙarfen da gudumar da farantin ya kai wa tsohon, ya wanke garejin sau uku, ya mayar da makulli.

Na haifi mace, 'yar ƙarama, mai yawan gashi. Yanzu ta shiga shekara ta huɗu. Tana dariya, tana gudu, tana son ruwa. Kalmomin da take faɗa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Kowace Laraba muna hawa tiram zuwa wurin wata mai koya wa yara magana. Likita ya ce yaran da ake yi wa harshe biyu a gida wasu sukan yi jinkiri, ya ce mai yiwuwa dalmar ce, mai yiwuwa ba ita ba ce, sai an ga gaba.

Makon jiya malamar ajinsu ta kira mu. Ta zaunar da mu kan kujerun yara, gwiwoyinmu a sama. Ta ce yarinyar ba ta bin abin da ake faɗa kamar sauran, ta tambaya a hankali ko wani abu ya faru lokacin da nake da cikinta. Na ce e. Na fara ba da labarin da Faransanci, na ce laifina ne. Mijina ya katse ni ya ce mu biyu ne. Malamar ta rubuta, ta ba mu takardar wani gwaji da za a yi wata mai zuwa. Yarinyar tana can ƙarshen aji tana jera kofunan roba, muka kira ta sau uku kafin ta waiwayo.