Mai Hoto Ba Ya Latsawa

A unguwarsu Mai Hoto ake ce masa, kuma yana amsawa har da gyara wuyan riga. Sai dai duk wanda ya ce ya taɓa ganin hoton da ya ɗauka, to a kai shi a duba masa ido.

Auta ne wajen Umma, kuma autan da aka goya har ƙafarsa na jan ƙasa. Da ya gama makaranta da ƙyar da jan gindi, aka roƙa masa aiki a wani shagon ɗaukar hoto, inda ya shekara yana riƙe wa maigidansa fitila. Ranar da aka yi kuskuren danƙa masa kyamara, wani iyali ne suka zo, kaka da jikoki, an sha ado. Ya yi ta yi musu lacca a kan sunan kyamarar da ƙasar da aka ƙera ta har jaririn cikinsu ya gaji ya yi barci, sannan ya latsa. Da aka wanke, kowa ya fito, ban da kan kakan. Maigidan ya sallame shi da fatan alheri. Shi kuwa har yau cewa yake hassada ce.

Daga nan ya gano gwanjon intanet, ya kuma gano cewa ana iya cin abinci da kyamara ba tare da an wahalar da ita ba. Abin ba wuya. Mutum ya ɗora hoton kayansa a shafin gwanjo, a sa masa wa'adi, masu so su yi ta tayi, kowa na ɗorawa a kan na ɗan'uwansa, agogo na tafiya a gefe. Wanda tayinsa ke sama lokacin da agogon ya tsaya, kaya sun zama nasa. Mai Hoto ya sayi tsofaffi da araha, ya goge su da tsumma mai laushi, ya mayar da su gwanjo da sabon labari.

Labarin kuwa shi ne ainihin sana'arsa. Kyamarar da ta faɗo daga kan tebur, a bakinsa "tana da ɗan tarihi". Gilashin gaban kyamara da fumfuna ta yi wa saƙa a ciki, "ɗan hazo ne, ba ya fitowa a hoto", kamar shi ya taɓa gwadawa. Wadda ta mutu murus kuwa, "tana son mai haƙuri".

Ɗakin da Umma take ɗinki a da, shi ya mamaye. Kantoci har rufi, kwalaye, ledoji masu ƙurajen iska da ake naɗe kaya, murafen gilashi da ba su da gilashi, gilasai da ba su da murafe, cajoji a cukurkuɗe kamar hanjin kaza, da wata ƙafar kyamara mai rassa uku da ɗaya ya gurgunce, an jingine ta a kusurwa. Ko tari ba a yi a ɗakin, wai danshi. Matarsa, wadda nas ce a wani asibiti har kowa ke kiranta Nas, takan ce marasa lafiyarta ma ba sa samun irin wannan jinya.

A cikin duk tarkacen nan, guda ɗaya ce lafiyayya, kuma Gimbiya yake kiranta. Wajen wani attajiri ya same ta, wanda aka ba shi kyauta ya ajiye a kwali bai ko san inda ake kunna ta ba. To, ita kyamarar zamani tana da wani hali: tana ƙirga sau nawa aka latsa ta, kamar yadda mota ke ƙirga tafiyarta, kuma 'yan gwanjo wannan ƙirgen suke fara tambaya kafin gaisuwa. Na Gimbiya bai taka kara ya karya ba. Mai Hoto ya ɗauki hoton ƙirgen da wayarsa, ya ɗora a shafi, ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa yadda mai saye ya ga lambar nan, haka zai karɓe ta, ko ɗaya ba za ta ƙaru ba. Ya sa wa'adi, ya koma gefe yana shafa ciki.

A makon ne Inna Babba ta sauka a gidan. Yayar Umma ce, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ɗanta da ke aiki a wata ƙasa can bayan teku ya aiko a kai masa ita, ta zo sallama. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san mai shekarunta in ta hau jirgin nan, ba ta sake hawa wani. Kuma abin kunya, tsofaffin nan biyu ba su da hoto tare ko ɗaya. Na yarintarsu ruwa ya ci tun da daɗewa.

"Auta," in ji Umma, "so nake ka ɗauke mu ni da Yaya. Hoto babba, na sawa a bango, wanda zan riƙa gani daga kan gado."

"Umma, wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce. "Gidan mai hoto kike."

Nas ta ce ga wayarta nan, a yi yanzu a huta. Ya dube ta kamar ta zagi kakansa.

"Waya? A gidana? Waya tana baje fuskar tsoho ne kamar an yi mata guga. Ku bar ni in yi abu na ƙwararru."

Umma ta gyaɗa kai cike da alfahari. Ai ɗanta ne ya faɗa.

Ranar farko ya ce hasken ya yi kaifi. Kashegari ya ce hasken ya yi sanyi. Da aka matsa masa, ya fito da wata baƙar kyamara mai nauyin dutse, ya jera tsofaffin a tsakar gida, ya durƙusa, ya karkace, ya rufe ido ɗaya, sannan ya tuna batirinta yana hanya, ya sayo shi a wani gwanjon bai iso ba. Ya koma ya ɗauko wata mai batir, gilashin da ke gidan duk ba mai shiga bakinta. Ta ukun ta kunnu, ta yi wani ƙugi, ta mutu a hannunsa.

Inna Babba, wadda idonta ya yi rauni amma harshenta ko gezau, ta ce, "Ɗana, asibitin kyamara ka buɗe ne, ko maƙabarta?"

"Inna, kayan tarihi ne."

"To mu ma kayan tarihin ne, ka ɗauke mu kafin mu lalace. Waccan mai sheƙi da kake shafawa kullum fa? Ita ma gawa ce?"

Ya shiga bayanin ƙirge da amana da taurarin da masu saye ke ba mai sayarwa, wai in ƙirgen ya motsa za a ce shi maƙaryaci ne, a rage masa tauraro. Mutumin da ya sayar da fumfuna da sunan hazo, yau shi ne mai tsoron ƙarya.

"Ban gane ba," in ji Inna Babba. "Latsawa ɗaya ce za ta tsufar da ita?"

"Ba ɗaya ba ce, Inna. Ƙwararre sai ya yi gwaji."

"Ƙwararre," ta ce, ta juya wajen ƙanwarta. "Ke kika haifi wannan, ko a gwanjo kika same shi?"

A ransa ya riga ya tsara komai. Batirin baƙar kyamarar zai iso kafin ranar tafiya, ya ɗauke su da ita, Gimbiya ta tafi da darajarta, kowa ya yaba. Batirin bai iso ba. Kuma shi da hannunsa, tun kafin zuwan baƙuwar, ya sa wa'adin gwanjon Gimbiya ya cika da hantsin ranar da motar filin jirgi za ta zo.

Da safen nan tsofaffin suka ci ado. Umma ta ciro kayan da take ɓoyo a ƙasan akwati, har da 'yan kunnen da suka yi mata nauyi. Nas, wadda ta dawo daga aiki ko hutawa ba ta yi ba, ta ɗaura wa Inna Babba ɗankwali, ta fitar da kujeru biyu ƙofar gida inda haske ya fi kyau. Mai Hoto ya leƙo ya ce su ba shi ɗan lokaci, da gwanjo ya rufe zai san abin yi. Abin da zai yi ɗin, shi ma bai sani ba. Ya ce wa Nas ta ara masa wayarta, tasa na wasa da shi.

Tasa lafiyarta ƙalau. Wata dabara ce ta 'yan gwanjo marasa kunya, wadda shafin ya haramta kuma kowa ya san ana yi. Ya daɗe da buɗe wani suna a wayar matarsa ba da saninta ba. In tayi ya yi sanyi, sai ya shiga da wannan sunan kamar baƙo, ya ɗora kaɗan, mai so na gaskiya ya ji zafi ya ɗora a kai. Da hannun dama yana mai kaya, da na hagu yana mai saye.

Ran nan kuwa ya samu wanda yake so. Wani ne da bai san ko waye ba, ya nace wa Gimbiya. Mai Hoto ya ɗora, mutumin ya ɗora. Ya sake, mutumin ya sake. Ya zauna a kan kwali, waya a kowane hannu, gumi na bin gemunsa, yana murmushi shi kaɗai yana ce wa baƙon, "Taho, ɗan albarka, taho."

Ta taga ya ji tsayawar mota, ya ji direba na gaisuwa, ya ji ana jan akwati.

"Auta!" Umma ta kira. "Mota ta zo!"

"Ga ni nan, Umma!"

Nas ta turo ƙofa. "Ba ni wayata in ɗauke su."

"Minti ɗaya."

"Minti ɗayanka na san shi, da shi na tsufa a gidan nan. Ba ni."

Ya juya mata baya, ya ƙanƙame wayoyin a ƙirji kamar mai tagwaye. Ta tsaya ta dube shi, ta yi tsaki mai tsawo, ta fita.

Sai ya ji muryar Inna Babba a waje. "Direba, kana da waya ai? Zo ka ƙyasta mana, mu wuce. Jirgi ba ya jiran ƙwararru."

Ya kasa kunne. Da Umma ta yarda, da an sauke masa kaya. Amma Umma, baiwar Allah, ta ce, "Haba Yaya, a ƙofar gidan mai hoto? Me mutane za su ce masa? Ga shi nan fitowa."

Wannan maganar ta shige shi, ba a ce ba ta shige shi ba. Har ya ɗaga gindi daga kan kwalin. Sai agogon shafin ya koma ja, alamar saura ƙiris, baƙon kuma ya sake ɗorawa. Mai hankali a nan zai tsaya, farashi ya riga ya wuce abin da ya yi mafarki. Mai Hoto ya ce a ransa wanda ya biyo shi har nan zai ƙara taku ɗaya. Ya ɗora da wayar Nas, ya zuba ido.

Baƙon bai ɗora ba.

A waje direba ya yi hon. Aka buɗe ƙofar mota, aka rufe. Ya ji Umma na cewa a dakata, ya ji Inna Babba na cewa, "Bar shi, ƙanwata, zo in taɓa fuskarki, ya isa." Shi kuwa yana ta jijjiga waya yana roƙon mutumin da bai sani ba, "Ɗora mana! Kai, ɗora!"

Agogo ya tsaya. Wayar dama ta yi ƙara tana taya shi murna, an sayi kayansa. Ta hagu ma ta yi ƙara tana taya shi murna, ya ci gwanjo. Ya sayar wa kansa da kyamararsa, da tsadar da bai taɓa samu ba, kuma shafin zai yanki la'adarsa a kan cinikin, don shi ba ruwansa da wanda ya haifi wani.

Sai a lokacin ya tuna cewa tunda Gimbiya ba inda za ta, ana iya latsa ta. Ya fizge ta daga kan kanta, ya yi tuntuɓe da gurguwar ƙafar nan, ya fito a guje ba takalmi. Motar ta riga ta kai ƙarshen layi tana shirin karya kwana. Ya bi ta yana ihu, "Inna! Inna Babba!" Ya ɗaga kyamara ya danne maɓalli, ita kuwa lafiyayya ce, ta shiga aiki kamar keken ɗinki, tana ta ƙirgawa. Masu shaguna suka fito kallo. Yau dai an ga Mai Hoto yana ɗaukar hoto.

Ya dawo yana haki. Umma na zaune a kujerarta, hannayenta a kan cinya, Nas na tsaye a bayanta.

"Na samu wani abu, Umma," ya ce. "Ina jin na samu."

Ta miƙa hannu, ya durƙusa ya nuna mata bayan kyamarar, yana turo hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kwalta. Kwalta. Babban yatsan ƙafarsa. Rabin wani mai keke. Sannan katangar gidan da ke kan kwanar, tas, har ana iya ganin tsagar siminti.

Umma ta daɗe tana kallo. Ta mayar masa, ta sa hannu ta fara kwance ɗan kunnenta.

"Katangar ta fito da kyau," ta ce. "Nas, kama ni in tashi."