Layin Littattafai a Zauren Baba

A zauren mahaifina da ke Limancin Kona, littafi ne ke bin layi. Ɗalibi zai ajiye nasa a bakin buzun Baba, ya koma ya jingina da bango. Wanda ya riga ajiyewa shi ake fara biya wa karatu.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a digirin dakta, ina bincike kan yadda babbar manhajar kwamfuta ke raba lokaci tsakanin ayyukan da ke jiranta. Baba kuwa "danne-danne" yake kiran abin. Yana ci mani rai, wallahi, don ba abin da nake so kamar ya buɗe kundina ya sa masa albarka kafin in je kare shi.

Ra'ayina shi ne a fara da gajeren aiki, layi zai fi sauri. Sai shaiɗan ya raɗa mani cewa ga wurin gwaji a gida. Kullum Baba ya shiga shan koko, sai in fake da kakkaɓe buzu in sake jeri, siririn littafi gaba, mai kauri baya. Ɗalibai suka ɗauka umarnin Malam ne.

Kai, layi ya yi gudu! Sai dai akwai wani dattijo, Alhaji mai sayar da yadi daga Gyallesu, da tafsirinsa jibgege. Kwana uku ana kiran azahar ba a kai kansa ba.

Rana ta huɗu Baba ya ritsa ni da littafin Alhaji a hannu. Na zayyana masa komai, har da alfahari. "To, madalla," kawai ya ce, aka koma tsohon tsari.

Saura kwana uku in kare kundin, na riga kowa ajiye shi. Baba ya ɗaga, ya jinjina nauyinsa, ya kai shi can bayan tafsirin Alhaji.

"Malam Dakta, ai gajere ake farawa da shi. Ko an canja?"

Kwana biyu ina jingine da bango har azahar. Rana ta uku aka zo kan Alhaji, ga ladan yana gyaran murya.

Alhaji ya jawo kundina ya ɗora a kan nasa.

"Malam, a duba masa. Na san zafin zaman nan."