Wasila da Mutum Goma Sha Tara

Kafin mai shara ya iso, Malama Wasila Sada ta riga ta buɗe ɗakin magani na ƙaramin asibitin da ke yankin Dandamisa. Ta goge teburin ba da magani, ta ɗaga kwalaye ɗaya bayan ɗaya tana duba ranar lalacewa, sannan ta fara sallamar jama'a. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa zan faɗi abin da ita ba za ta faɗa ba.

Bara, lokacin saran rake, masu hawan jini uku suka zo cikin mako guda, awon kowa ya haura. Ta ukun ita ce Inna Azumi mai daddawa, ta shigo dafe da ƙeya.

"Inna, anya kina shan maganin nan kuwa?"

"Wallahi 'yar nan, ko rana ɗaya ban tsallake ba. Ga shi ma, duba."

Wasila ta ɓallo ƙwaya ɗaya, sai ta marmashe a yatsunta kamar alli. Ta duba lambar kwalin, ta duba katin sauran biyun: duk daga kayan watan jiya aka ba su. Mutum goma sha tara ta miƙa wa wannan magani da hannunta.

Ta nufi ofishin shugaban asibitin, Malam Safiyanu.

"Babu takarda daga sama, Malama," in ji shi. "In kika ta da hankalin jama'a, aka gwada aka ga maganin lafiya lau, wa zai tsaya miki?"

"Yallaɓai, in an kore ni ba zan rasa abin yi ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye fa?"

Ya duba garin ƙwayar a tafin hannunta. Daga nan ya sa hannu a rahoto, ya ba ta izinin ɗibar maganin wani kamfani a madadinsa.

Kwana biyu tana kan acaɓa, ƙauye zuwa ƙauye, har cikin gonakin rake. Duk wanda ta samu sai ta ce, "Kada ka daina shan magani. Ba ni wancan, ga madadinsa." Ta samu sha takwas. Saura Malam Ya'u, makiyayi, wanda ya kora shanu wajen Furana, wayarsa ba ta shiga.

Rana ta uku da hantsi ta iske shi a ruga, jingine da itace, bakinsa ya fara karkacewa. Ta tare motar masu rake, aka garzaya da shi babban asibiti. Ya rayu, amma hannun hagunsa bai dawo ba. Takardar janye maganin kuwa sai bayan kwana tara ta iso.

Har yau in aka yabe ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Da ma da shi na fara."

Malama Wasila, ke ce ba ki jira takarda ba. Ke ce kika yarda da maganar tsohuwa a lokacin da ya fi sauƙi a ce ta manta ne. Uwar marasa lafiya, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu ba da magani, in majinyaci ya ce yana sha amma ba sauƙi, ku saurare shi, ku duba kwalin.

Kuma ki daina zargin kanki. Na ga Malam Ya'u ranar Laraba a kasuwar Makarfi, da ƙafarsa ya zo. Ya ce in gaishe ki.