Ranar da Baba ya sa sanda a hammata

Tun muna yara a unguwar Tandabawi, Baba yana da labari guda da ya ishe mu. Labarin wani tsohon Bature ne da ya koyar da su a makarantar midil can ƙasar Katsina, kafin Baba ya biyo kawunsa aikin hajji ya zauna nan ƙasa mai tsarki. Wai mutumin da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana buga wa yankinsu kurket, wasan sanda da ƙwallo, a Ingila, kuma ko sisi bai taɓa karɓa ba, don yana da aikinsa na koyarwa, wasan na sha'awa ne kawai. Da gwiwa ta fara gazawa sai ya tafi Najeriya da farin wandonsa da sandar bugunsa, yana tara 'ya'yan mutane a rana yana jefa musu ƙwallo.

Abin da Baba ya fi so a labarin wata ɗabi'a ce. A wasan, in ƙwallo ta shafi sandarka aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ka fita ke nan. Baturen ya koya musu cewa ko alƙali bai gani ba, in kai ka ji, ka sa sanda a hammata ka yi tafiyarka. Mu dai dariya muke yi. Ni da na girma nake tuƙin tasi na san halin mutane, har nakan ce, "Baba, halas, ya isa haka, wannan Baturen naka a mafarki ka gan shi."

Da Inna ta rasu muka koma unguwar Ka'akiyya, sai Baba ya yi shiru. Daga ɗaki sai masallaci. Ya daina ba da labarin, ko ambaton Inna bai ƙara yi ba. Na ji tsoro ƙwarai, don ina ganinsa yana bin ta a hankali, ni kuma ban iya lallashi ba, faɗa na iya.

Wata Juma'a da safe na matsa masa ya raka ni kasuwa a Zahir. A hanya muka wuce wani fili a gindin dutse, inda leburori 'yan Pakistan suke wasa da ƙwallon da suka naɗe da salatif.

"Tsaya," in ji Baba.

Na tsaya ina mita. Ya fita, ya tsaya bakin filin, yana gyara wa mai bugu tsayuwa da hannu daga nesa. Babbansu, wani mai jan gemu, ya lura da shi, ya taho ya miƙa masa sanda. "Tafaddal, ya Hajji."

Baba ya naɗe hannun jallabiyarsa. Suka jefo masa a hankali, don girmamawa. Ya tare ta farko. Ta biyu ya kaɗa ta ta gangara har ƙarƙashin motata, suka yi ta tafi. Ta uku ta wuce shi, na bayansa ya cafe. Babu wanda ya ce ya fita, mai jifa ma ya juya zai sake jefowa.

Sai Baba ya sa sanda a hammata ya kamo hanya.

Mai jan gemu ya bi shi da Larabcinsa na leburori, yana rantsuwa ƙwallo ba ta taɓa ba. Ni ma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, shekara nawa rabonka da sandar nan? Ba wanda ya gani, ka koma mana."

"Ta taɓa, ya waladi, ɗana," in ji shi. "A hannuna na ji."

Mutumin ya tsaya yana kallonsa, sannan ya sumbaci goshinsa. Tun daga ranar, duk Juma'a Baba ne alƙalinsu, kuma in ya ɗaga yatsa ba mai musu.

Ina gode wa leburorin nan. Ina kuma gode wa tsohon Baturen da na sha ƙaryatawa, wanda ya daɗe a ƙasa bai san abin da ya ajiye mini ba.

Ba mu je kasuwar ba ranar. A mota Baba yana haki yana murmushi, ya ɗauko labarin tun daga farin wando, ni kuma ban katse shi ba. Da muka iso ƙofar gida ya ɗora hannunsa a kan marfin mota.

"Duk gidan nan," ya ce, "uwarku kaɗai ta yarda da ni."