Ɗigo Uku a Shafi na Ashirin da Bakwai

Duk wanda ya taɓa aron littafi a laburaren unguwarmu ya san Anti Kilina, kuma ban ji wanda ya ce ya san ta da fara'a ba. Doguwa ce siririya, tana ɗingisa ƙafar hagu. A wuyanta kullum akwai zare, a bakin zaren kuma kilinar goge fensir, wadda ta jawo mata sunan. Ina ƙarama na fi tsoronta a kan mai allura. Idan ka miƙa mata littafi ba kai za ta kalla ba, littafin za ta kalla. Ta buɗe, ta karkata shi wajen taga, wani lokaci har ta shinshina. In ta ga maiƙo a gefen shafi, ranar sai ka gwammace ba ka fito daga gida ba.

Shara aka ɗauke ta yi da farko. Tana da shekara ashirin da 'yan kai, mijinta ya rasu, karatunta bai wuce firamare ba. Tana goge kantoci tana haɗa baƙaƙen da ke bayan littattafai, har ta san mazaunin kowanne. Da mai jera littattafai ya ajiye aiki sai aka ce ta riƙe kafin a kawo wani. Shekara talatin ba a kawo wanin ba. Shugabanni sun zo sun tafi, an sa kwamfuta, an canza kujeru sau biyu, ita tana nan da kekenta na tura littattafai mai taya ɗaya da ke kuka.

Babbar abokiyar faɗanta Mamana ce. Tsofaffin masu aro suna da wata dabara: wanda ya karanta ɗaruruwan littattafan labari, bangonsu yakan rikice masa, sai ya kai gida ya ci shafi goma kafin ya gane ya taɓa karantawa. Don haka kowa da alamarsa. Wani ya zagaye lambar shafi na goma, wata ta ja layi a ƙasan kalmar ƙarshe. Mama ɗigo uku take yi da fensir a ƙarƙashin lambar shafi na ashirin da bakwai, ranar da ta gama littafi. Anti Kilina kuwa doka ta sani: ba a rubutu a littafin jama'a.

"Ɗigo Uku, kin sake ko?" haka take tarbar Mama duk Talata.

"Ni? Ƙuda ne ya yi."

"Ƙudan da ya iya ƙirga har ashirin da bakwai."

Sai ta jawo zaren, ta goge a gaban Mama, ta hure shafin. Shekara ashirin suna wannan. Ban taɓa tambayar kaina amfanin ɗigon da za a goge ba, na ɗauka taurin kan Mama ne kawai, don Allah ya ba ta shi mai yawa, ni ma na gada.

Babana mai gyaran agogo ne, shagonsa ɗakin gaba na gidanmu. Ya iya karatu sarai, amma ya ce idonsa na agogo ne, ba zai kashe shi a kan ƙaryar marubuta ba. Duk da haka babu littafin da Mama ta karanta da bai san labarinsa ba. Da yamma takan jawo kujera gefen teburinsa, yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya, tana ba shi abin da ta karanta ranar. Yana tsince ƙananan kusoshi yana yi wa mutanen littafi faɗa. "Wannan yaron wawa ne, ki gaya masa kada ya hau jirgin." Ita kuma ta ce to, za ta gaya masa.

Mama ta rasu wata biyu kafin annoba ta iso. Kwana uku ta yi a kwance, zuciya ce. Muna cikin lallaɓa Baba sai aka ce kowa ya zauna gida, aka rufe makarantu da shaguna da laburare. Ni a kemis nake aiki, mu ba a rufe mu ba, wuni nake ina fuskantar masu tari. Don haka na haramta wa kaina shiga wurinsa. Kullum da safe in ajiye kular abinci a bakin ƙofa, in ƙwanƙwasa taga, in ja baya.

Makon farko yakan leƙo. Daga baya sai dai in ji "na gode" daga ciki. Kular tana dawowa kamar yadda na kai ta, cokali biyu aka taɓa. Agogo goma sha ɗaya ne a bangon shagon, tun ina jaririya yake murɗa musu makulli kowace safiya, ana jin motsinsu daga titi. Wata safiya na tsaya a taga na ji shiru. Likita ya yi magana da shi ta waya, ya ce mini bai ji alamar cuta ba. Ni kuwa na san abin da nake gani ta labule: wandonsa yana zamewa, kuma ba ya kallon komai. Na tsare shi daga annoba, ga shi yana bin Mama ta wata ƙofar. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Ana nan na ga littafi a jakar Mama da aka dawo da ita daga asibiti, na laburare, da tsinken ashana a tsakiya inda ta tsaya. Gudun fushin Anti Kilina ya sa na kai shi akwatin mayarwa da ke jikin ƙofa, ban yi zaton akwai kowa ba. Sai taga ta buɗe. Ga ta da takunkumi, zaren yana lilo a kansa. Ashe an ba su izinin ba da aro ta taga: ka yi waya, a sa maka a leda.

"'Yar Ɗigo Uku," ta ce. "Ya haƙuri?"

"Da godiya, Anti."

"Mai agogo fa?"

Na yi niyyar cewa lafiya lau. Sai ga ni tsaye a titi ina kuka a gaban matar da ban taɓa gaisawa da ita da daɗin rai ba. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta bari na gama, na faɗa mata komai, har da agogon da suka tsaya.

"Yana karatu?"

"Ya iya, amma ba ya yi. Mama ce ke ba shi labari."

"Ki dawo Juma'a. Sai littafi ya kwana uku ba a taɓa ba kafin ya fita, haka suka ce."

Ran Juma'a ta miƙo leda ta taga a bakin sandar tsintsiya. Littafi huɗu ne, tsofaffi, bangon ɗaya ma ɗinki ne.

"Duk uwarki ta karanta su. Ki ce masa haka, kada ki ƙara komai."

"Kwamfuta ce ta nuna miki?"

"Tamu ba ta riƙe abin da aka mayar. Buɗe ashirin da bakwai."

Na buɗe. Babu komai.

"Karkata shi wajen rana. Sa yatsa."

A ƙarƙashin lambar akwai wuri ɗan fari inda aka goge, a tsakiyarsa kuma ramuka uku ƙanana. Yatsana ya ji su kafin idona ya gani.

"Uwarki danna fensir take kamar mai huda fata," in ji ta. "Ta san zan goge, na san ta sani. Baƙin nake cirewa, ramin ba ruwana da shi."

Daga baya na ji yadda ta samo su. Ta bi kantocin labarai ɗaya bayan ɗaya, ta sauke kowane littafi, ta buɗe shafin, ta shafa, ta mayar. Kanta shida ne, daga ƙasa har inda sai da tsani, ga ƙafar nan tata. Ba wanda ya sa ta, kuma ba wanda ya gani.

Na rataya ledar a ƙofar Baba na faɗi abin da aka ce in faɗa. Kwana biyu tana nan a rataye. Rana ta uku ba ta nan, amma kular ba ta canza ba. Na fara cewa a raina wahalar banza tsohuwar ta yi. Rana ta takwas ina tsakiyar auna maganin tari wayata ta yi ƙara. Baba ne, wanda rabonsa da ya kira ni tun ranar rasuwa.

"Ke! Uwarki ta yaudare ni."

"Baba, lafiya?"

"Yaron nan na jirgi. Ce mini ta yi ya dawo ya auri yarinyar. Ƙarya ne, nutsewa ya yi! Ga shi nan a rubuce. Shekara nawa ina murna da auren da ba a yi ba?"

Na jingina da kanta, dariya da kuka suka haɗe mini, mai tari yana kallona. Ashe Mama ta san mijinta. In labari ya ƙare da baƙin ciki yakan wuni yana ɓata agogon mutane, sai ta riƙa gyara masa ƙarshen.

"Ki ce wa matar nan ta aiko sauran," ya ce. "Sai na binciki duk abin da aka gaya mini. Kuma abincin jiya gishiri ya yi yawa."

Ya ci ke nan. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina kamar ranar ba.

Haka aka shiga. Huɗu su tafi, huɗu su dawo, shi kuma yana kira yana kawo ƙarar Mama: wannan ta faɗi gaskiya, wancan ta raya mutum biyu da marubuci ya kashe. Da cutar ta kama ni aka killace ni mako biyu, mijina ya karɓi kai abinci, amma laburare ya yi masa nisa da wurin aiki. Anti Kilina da kanta ta riƙa takowa bayan ta tashi daga aiki, tafiyar da mai ƙafa lafiya zai yi a minti ashirin. Ta rataya ledar, ta ja baya, su yi musu ta taga. Ya ce mata zai iya gyara tayar kekenta, ta ce kukan ne ke gaya wa masu surutu tana tafe. Da na warke na je, tun daga titi na ji agogo suna motsi.

Littattafan Mama da aka samo suka ƙare a wata na biyar, saura ɗaya. Anti Kilina ta ajiye shi a aljihun teburinta tun ranar da na kawo, da tsinken ashanar a inda yake.

"Wannan ba ta gama ba," ta ce mini. "Ba ta gaya masa ƙarshen ba. Ki tambaye shi ko yana so."

Ya ce a kawo. Sauran littattafan kwana biyu-biyu yake cinye su, wannan ya yi wata guda a hannunsa, kuma bai kira ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Ranar da aka sake buɗe laburare na raka shi. Shekara ashirin yana rako Mama yana jira a bencin waje, ranar ya fara taka ciki. Ya ajiye littafin a gabanta. Ba ta kalle shi ba. Ta buɗe ashirin da bakwai, ta karkata wajen taga. Ɗigo uku ne, a jere daidai kamar an auna, amma da ƙyar fensirin ya taɓa takarda, hannun mai agogo.

"Malam, ka san doka."

"Na sani."

Ta jawo fensir daga aljihun tebur ta tura masa.

"To danna. Hannunka ya cika sanyi. In na goge wannan, me za a samu?"

Baba ya sunkuya, ya danna sau uku har bakin fensirin ya karye. Ita kuma ta jawo zaren, ta goge, ta hure shafin, ta ɗora littafin a keke.

Bara ta yi ritaya. Ba a yi wani taro ba, ta ce ba ta so. Na sha yi mata godiya, kullum amsarta ɗaya ce, wai aikinta ta yi. Baba yana da katinsa yanzu, duk Talata yana can yana ba sabuwar mai jera littattafai wahala. Ni kuma da ba ni da haƙurin karatu, wani lokaci nakan shiga in sauke wancan littafin. Ba na karanta ko layi ɗaya. Shafin nake buɗewa in sa yatsa.