Kujerar da Na Tsinta a Sharafiyya

Shekarun baya, lokacin da aiki ya kawo ni Jidda, na kama ɗaki a wani bene a unguwar Sharafiyya. Ban da katifa ba ni da komai. Wata Juma'a ina dawowa daga masallaci sai na ga tsohuwar kujerar ƙarfe yashe a bakin titi, daidai ƙofar gidanmu. Na ce oh, mutanen ƙasar nan akwai almubazzaranci! Na saɓa ta a kafaɗa na haura sama, na wanke ta tas, na shafa mata shuɗin fenti, har ina yaba wa kaina.

Ashe ba yar da ita aka yi ba. Unguwar ta cika maƙil, wurin ajiye mota ya zama abin faɗa, shi ne mai gidanmu yake dasa kujerar don kama wurinsa. Dattijo ne haifaffen Jidda, amma kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, tun ba a san mota ba.

Washegari na tarar da shi a ƙofa yana ta bambami. "Wallahi ya waladi, tunda baƙi suka cika unguwar nan, ko kujera ba ta tsira ba!" Amma ni da iƙamata, wato takardar izinin zama, ko wata biyu ba ta yi ba, sai na gyaɗa kai na ce, "Ai Baba, baƙin nan sai addu'a."

Zargi ya faɗa kan maƙwabcina, wani direba ɗan Chadi mai mata da 'ya'ya uku, don shi ya ajiye mota a wurin ranar. Dattijo ya ce halas, magana ta ƙare, ƙarshen wata ya bar masa gida.

Kwana uku ina neman ƙarfin hali, kuma a kan kujerar nake zama ina nemansa. A na huɗu na sauko da ita. Dattijo ya dube ta, ya dube ni. "Kai? Kai mai addu'a?" Ya yi dariya har da tari. Can ya ce kakansa yakan ba su labari, lokacin da suka zo ko akuya ce ta ɓace bukkokinsu ake fara bincikawa. "Yalla, mu je."

Muka tarar maƙwabcina ya riga ya ɗaure kayansa a kwalaye. Dattijo ya riƙe hannunsa ya ba shi haƙuri. Na tambaye shi me ya hana shi kare kansa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, gidana na huɗu ke nan. In abu ya ɓace, ba na jiran a tambaye ni, igiyar ɗaure kaya nake nema." Mu uku muka kwance kwalayen, matarsa ta dafa mana shayi.

Har yau in muka haɗu sai ya tsokane ni da "ɓarawon kujera", mu yi ta dariya. Sai dai ni ba ɗaukar kujerar ke ba ni kunya ba. Abin da ke ba ni kunya shi ne saurin da na yi na cire kaina daga cikin baƙi, alhali ko hanyar kasuwa ban gama sani ba.